Kafin a Buɗe Wa Ma'aikaci Ƙofar Fita Daga Fanshon Karo-Karo

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini domin in sa baki a muhawarar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, wato ko ya dace doka ta bar ma'aikaci ya ce a daina yankar albashinsa da sunan fansho, a ba shi abinsa a hannu ya san yadda zai yi da tsufansa. Tun da tsofaffin 'yan sanda suka yi zanga-zanga a Abuja cikin watan Yulin 2025 suna neman a cire su daga tsarin fansho na karo-karo, maganar ta wuce bariki, ta shiga ɗakin malamai da asibitoci da sakatariya. Ra'ayina shi ne kada a buɗe ƙofar fita gaba ɗaya. Fushin ma'aikata gaskiya ne, kuma akwai masu laifi, amma ficewar ba za ta taɓa masu laifin ba, ma'aikacin za ta taɓa.

Mu fara da lissafi, domin da yawa daga masu kiran a fita ba su san abin da za su bari a baya ba. Dokar gyaran fansho ta 2014, wadda ta maye gurbin ta 2004, ta ce a cire aƙalla kashi 8 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, mai ɗaukar aiki kuma ya ƙara aƙalla kashi 10 daga aljihunsa. A dokar 2004 kowannensu kashi 7.5 yake zubawa. Kuɗin suna shiga asusun ritaya mai ɗauke da sunan ma'aikacin da lambarsa, wanda ake kira RSA. A ɗauki wanda tushen albashinsa da kuɗin gida da na sufuri suka kama naira 100,000 a wata. Ana cire masa 8,000, ana ƙara masa 10,000, asusunsa na karɓar 18,000 kowane wata, wato 216,000 a shekara. Ranar da ya fice, abin da zai ƙaru a albashinsa 8,000 ne kacal, kuma ita ma sai an cire mata haraji, alhali tana cikin asusun fansho ba a taɓa ta. Ita kuwa 10,000 ɗin ta tafi ke nan, don ba wata doka da za ta tilasta wa gwamnati ko kamfani su miƙa masa ita a hannu. A shekara ya yi asarar 120,000 domin ya karɓi ƙasa da 96,000.

Wannan kaɗai ya isa ya nuna wanda zai fi kowa murna da dokar ficewa. Mai makaranta mai zaman kanta, mai gidan mai, mai kamfanin gadi, duk wanda ke ganin kashi 10 ɗin nan nauyi ne a kansa, zai ajiye takardar ficewa kusa da takardar ɗaukar aiki. A ƙasar da ɗaruruwan matasa ke layi kan gurbi ɗaya, wane ne zai ƙi sa hannu? A takarda za a rubuta cewa ma'aikaci ne ya zaɓa da kansa, alhali kowa ya san sharaɗin samun aikin ne. Ko yanzu da doka ta wajabta wa duk kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama ya shiga tsarin, ana ganin masu ɗaukar mutane a matsayin 'yan wucin gadi shekara da shekaru don kauce wa biyan wannan kaso.

Masu cewa a koma tsohon tsari suna tuna daɗinsa ne a takarda. Gaskiya ne wanda ya cika shekara 35 yana aiki ana rubuta masa garatuti na kashi 300 cikin 100 na albashinsa na shekara, da fansho na kashi 80. Amma alƙawari ne da ba a ware masa ko sisi ba, sai abin da kasafin kuɗin shekara ya bari. Kafin gyaran 2004 an ƙiyasta bashin fanshon da ke kan gwamnati ya kai kusan naira tiriliyan 2. Waɗanda suka manyanta ba su manta da dattawa masu kwana a bakin ofisoshi a Abuja ba, da waɗanda suka faɗi a layin tantancewa. Manyan badaƙalolin fansho da aka gani, ciki har da ta kuɗin fanshon 'yan sanda da shari'ar Abdulrasheed Maina, tsohon shugaban kwamitin gyaran fansho, wanda babbar kotun tarayya ta yanke wa ɗaurin shekara 8 a Nuwamban 2021, duk a kuɗin tsohon tsari suka faru, inda aka tara komai a tukunya ɗaya ƙarƙashin jami'an gwamnati, aka cika jerin sunaye da 'yan fanshon bogi. A sabon tsari an raba aikin gida biyu da gangan. Kamfanin kula da fansho, wato PFA, shi ke juya kuɗin yana riƙe da lissafi, amma kuɗin kansu suna hannun wani kamfanin ajiya daban, hukumar fansho ta ƙasa, wato PenCom, kuma tana sa ido a kan duka biyun. Da haka aka tara sama da naira tiriliyan 20 zuwa 2024, a asusun mutane fiye da miliyan 10. Wanda ya bar wannan ya koma dogaro da kasafin kuɗi, ya yi gudun gara ne ya faɗa gidan zago.

To me ya sa mutum zai yi shekara talatin yana aiki, a ƙarshe a ce fanshonsa bai kai kuɗin buhun shinkafa ba? Nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin dalilan sanannu ne, kuma kowanne yana da mai shi.

Babban dalili shi ne tushen da ake lissafi a kai. Doka ta ce abin da ake cire wa kaso kada ya gaza jimillar tushen albashi da kuɗin gida da na sufuri. Masu ɗaukar aiki da yawa sun mayar da wannan mafi ƙanƙanta ya zama iyaka. Sai a tsara albashi yadda waɗannan uku za su zama ƙaramin ɓangare, sauran a kira su alawus. Mutum yana karɓar 250,000 a wata, amma ana yi masa lissafin fansho a kan 100,000. A koma kan misalin farko: 18,000 a wata har shekara 30, idan aka ajiye riba da ƙarin albashi gefe, naira 6,480,000 ne. A raba su a kan shekara 18 bayan ritaya, 30,000 ke nan a wata. Riba za ta ɗaga adadin, amma ba za ta mayar da ɗan abin da aka zuba ya zama mai yawa ba. Ƙaramin ɗan sanda da ya shafe yawancin aikinsa a kan ƙaramin albashi, fanshonsa hoton albashinsa ne. Tsarin bai ci kuɗinsa ba, tun farko ba a zuba masa abin kirki ba.

Sai waɗanda ke cirewa ba sa zubawa. Doka ta ba mai ɗaukar aiki kwana 7 na aiki bayan biyan albashi ya tura kuɗin, idan ya saɓa kuma akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 na abin da ya riƙe ba, a kowane wata. Duk da haka akwai ma'aikatan da takardar albashinsu ke nuna an cire, asusunsu kuma yana nan wayam watanni ko shekaru. Wannan cin amana ne, ba shi da wani suna. Illarsa ta wuce kuɗin da aka riƙe, domin naira da ba ta shiga asusu a 2015 ba ta rasa ribar duk shekarun da suka biyo baya. PenCom tana da wakilan ƙwato irin waɗannan kuɗi tun 2012, kuma kamfanin da ba shi da takardar shaidar bin doka ba ya samun kwangilar gwamnatin tarayya. Amma idan gwamnatin jiha ce ko ƙaramar hukuma ta riƙe, hannun hukumar gajere ne, tunda kowace jiha da dokarta. Jihohin da ke aiwatar da tsarin yadda ya kamata ba su kai rabi ba. Kano da Jigawa ma nasu salon daban ne, ana karo-karo amma ana biyan fansho bisa shekarun aiki da albashin ƙarshe, don haka ma'aikacin jiha ya fara sanin wace doka ce ke kansa kafin ya shiga sahun masu kiran a fita.

Akwai kuma haƙƙin shekarun baya. Wanda ya fara aikin gwamnatin tarayya kafin Yunin 2004 yana bin gwamnati kuɗin shekarun da ya yi a tsohon tsari, kuma sai an zuba masa su a asusu kafin a haɗa lissafin fanshonsa. Doka ta ce a riƙa ware kashi 5 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikata domin biyan wannan bashi, amma an daɗe ana sakin kuɗin a makare. Sakamakon haka mutum ya yi ritaya ya zauna shekara guda ko fiye ba ko kwabo, alhali nasa kuɗin da ya tara suna nan a asusu. Ya je ofishin PFA ya yi faɗa da yarinyar da ke kan tebur, wadda ba ita ta riƙe kuɗin ba. A Fabrairun 2025 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a fitar da takardun lamuni na naira biliyan 758 domin biyan basussukan fansho da suka taru. Girman wannan adadi shaida ne a kan wanda ya daɗe bai cika alƙawari ba.

Na ƙarshe kuma mafi wuyar magani shi ne hauhawar farashi. Fiye da rabin kuɗin fansho suna cikin takardun bashin gwamnatin tarayya. Wurin ajiya ne mai aminci, amma a Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100, ribar asusun fansho kuwa ba ta kusanci haka ba. Dalar da ake saya kusan naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024. Lambar da ke asusu tana ƙaruwa, abin da za ta iya saye yana raguwa. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a hannun masu son fita, kuma ban raina ta ba. Wanda ya ce da an ba shi kuɗinsa ya sayi fili a bayan gari ko ya ɗaure shanu da ya fi riba, a wasu shekarun ya faɗi gaskiya.

Sai dai a tambayi kai: 8,000 a wata fili take saye? Kuɗin da ke shigowa kaɗan-kaɗan tare da albashi, cefane da kuɗin makaranta da asibiti da biki da suna ke cinye su, kuma ba don mutum wawa ba ne. Buƙatar yau tana tsaye a ƙofa tana sallama, ta shekara sittin kuwa ba a jin muryarta. Manomi ya san dalilin da ya sa ake ware iri daban da hatsin ci, a ɗaure bakinsa, ko da yunwar bazara ta matsa. Muna ma da gwaji a gida. A Maris 2019 aka ƙaddamar da ƙaramin tsarin fansho na masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa da direbobi, wanda shigarsa ganin dama ce, har da damar cire wani kaso kafin tsufa. Zuwa ƙarshen 2024 waɗanda suka yi rajista ba su kai 200,000 ba, a ƙasar da masu irin waɗannan sana'o'i suka kai miliyoyi barkatai. Abin da ganin dama ke haifarwa ke nan idan aljihu ya yi zafi.

Ƙasar Chile, wadda daga tsarinta na 1981 Najeriya ta kwaikwayi nata, ta gwada sassautawa lokacin korona. Tsakanin 2020 da 2021 majalisarsu ta ba da damar cire kashi 10 cikin 100 har sau uku. Kusan dala biliyan 50 suka fita, miliyoyin mutane suka wayi gari asusunsu babu komai, kuma masu ƙaramin ƙarfi ne suka fi ƙarewa. Masu kafa hujja da Ingila, inda tun 2012 ake shigar da ma'aikaci fanshon wurin aiki kai tsaye amma yana iya cewa ba ya so, sun manta abu biyu: ana sake mayar da shi bayan kowace shekara uku, sannan a ƙarƙashin wannan akwai fanshon gwamnati wanda gudummawarsa tilas ce. Wanda ya fice a can yana da abin faɗawa a kai. A nan dattijon da ba shi da fansho a kan 'ya'yansa yake faɗawa, su ma ga halin da suke ciki.

Akwai wata hujja da ake yawan ji a Arewa wadda ta cancanci amsa ta mutunci, ita ce ta kuɗin ruwa. Musulmi da yawa ba su da natsuwa da a juya kuɗinsu a takardun bashi masu kuɗin ruwa. Wannan damuwa tana da mafita a cikin tsarin. Tun 2018 aka raba asusun fansho rukuni-rukuni: ana ajiye wanda bai kai shekara 50 ba a Asusu na Biyu, mai 50 zuwa sama a na Uku, wanda ya yi ritaya a na Huɗu. A 2021 aka ƙara Asusu na Shida, wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, ana zuba kuɗinsa a sukuk, wato takardun jari marasa kuɗin ruwa, da hannun jarin da ya dace da shari'a. Ba a kai mutum can sai ya nema. Zai rubuta wa PFA ɗinsa ne ko ya cike fom ɗinsu cewa a mayar da shi. Abin takaici, ma'aikata da dama ba su taɓa jin labarinsa ba, kuma laifin kamfanonin ne da ƙungiyoyin ƙwadago da ba su yayata shi ba.

Haka kuma ba gaskiya ba ne cewa kuɗin a kulle suke sai an tsufa. Wanda ya rasa aiki bai kai shekara 50 ba, ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana iya karɓar kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunsa. Tun Satumban 2022 wanda aka zuba masa gudummawa ta aƙalla wata 60 yana iya amfani da kashi 25 a matsayin kafin alƙalami na bashin sayen gida, in dai saura fiye da shekara uku ya yi ritaya. Tun Nuwamban 2020 kuma wanda bai gamsu da PFA ɗinsa ba yana iya komawa wani sau ɗaya a shekara, kuɗinsa su bi shi. Idan majalisa na son ƙara sassauci, ta duba abin da Afirka ta Kudu ta fara a ranar 1 ga Satumban 2024: kashi ɗaya cikin uku na sabuwar gudummawa yana shiga ɓangaren da ake iya taɓawa sau ɗaya a shekara, tare da biyan haraji, kashi biyu kuma a kulle har ritaya. Da wannan mai jinya ko mai kuɗin makaranta zai samu numfashi, kason mai ɗaukar aiki kuma bai salwanta ba.

Abin da ya fi ɓata wa tsarin suna, a ganina, shi ne waɗanda aka riga aka fitar. A 2011 aka cire sojoji da hukumomin leƙen asiri irin su DSS. A 2023 aka sa hannu kan dokar da ta cire ma'aikatan Majalisar Dokoki ta Ƙasa. Jihohi da dama sun yi wa tsofaffin gwamnoni dokokin fansho na musamman bayan shekara huɗu ko takwas kacal. Yaya za a ce wa kurtun ɗan sanda tsarin yana da kyau, alhali waɗanda ke zaune kusa da masu yin doka sun tsere daga gare shi? Yana da haƙƙin ya yi tambaya. Amma duk rukunin da aka fitar, nauyin fanshonsa kacokan yana komawa kan kasafin kuɗi, kuma 'yan sanda sun kai dubban ɗaruruwa. Alƙawarin zai yi daɗin ji a shekarar farko, sannan layin tantancewa ya dawo. Abin da zai amfani ɗan sanda shi ne a ɗaga kason gwamnati a kansa sama da kashi 10, tunda dokar ta ce wannan mafi ƙanƙanta ne, a kuma ba shi garatuti daban ranar sallama, a rufe ƙofar fitar da wasu sababbin rukunai.

Dokar 2014 ta tanadi asusun kare fansho da mafi ƙarancin fanshon da ba za a biya kowa ƙasa da shi ba, ta ce gwamnatin tarayya ta riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatanta. Shekaru suka shuɗe wannan tanadi yana kwance a takarda. Sashe na 173 na tsarin mulki ya ce a riƙa duba fansho duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka ƙara albashi. Da ƙarfin da ake kashewa wajen neman fita an kashe shi wajen tilasta bin waɗannan biyu, da faɗaɗa tushen lissafi ya haɗa da manyan alawus, da gurfanar da masu riƙe kuɗin ma'aikata, da tuni an ga bambanci a aljihun 'yan fansho.

Kafin nan, akwai abin da ke hannun ma'aikaci. Ya riƙa karɓar bayanin asusunsa aƙalla duk wata uku yana gwada shi da takardar albashi, wata bayan wata. Idan ya ga giɓi ya rubuta wa ofishinsa da PFA, idan ba a gyara ba ya kai ƙara PenCom, ya ajiye kwafin komai. Ya tabbatar sunansa da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a NIN da asusun fansho da fayil ɗin aiki, domin bambancin harafi ɗaya, kamar Muhammad a nan Mohammed a can, yana tsayar da biya watanni. Wanda ya buɗe asusu biyu a kamfanoni biyu ya je a haɗe su tun yana aiki. Idan ritaya ta zo kada ya sa hannu a gaggauce tsakanin hanyoyin biya biyu. A tsarin cirewa wata-wata ta hannun PFA, abin da ya rage bayan rasuwa na magada ne. A tsarin kamfanin inshora ana biya har ƙarshen rayuwa, amma lamunin magada shekara 10 ne daga fara biya, bayansu ba abin da za su gada, kuma wanda ya koma inshora ba ya dawowa. Iyalai kuma su sani cewa sunan da aka rubuta a matsayin makusanci ba shi ke mayar da mutum magaji ba. Sai an kawo takardar kotu ta rabon gado ko wasiyyar da kotu ta tabbatar kafin a saki kuɗin. Idan ma'aikaci ya rasu yana bakin aiki, akwai kuɗin inshorar rai da doka ta ɗora wa mai ɗaukar aiki, wanda bai gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, kuma daban yake da abin da ke cikin asusun fansho. Zawarawa da marayu da yawa suna karɓar na asusun su tafi, ba wanda ya gaya musu akwai na biyun.

Wassalam.

Naku,
Mai karatu daga Kaduna